Rijiyar da Ke Cikin Waƙa

Tun da ka tambaya ko jarumai da yaƙe-yaƙen da ke cikin tsofaffin waƙoƙin Girkawa sun faru da gaske, bari ka ji labarin wani mahaƙin rijiya. A garinsu akwai doguwar waƙa da maroƙa ke rerawa a kowane biki, ta kakan da ya kafa garin. Waƙar ta ce ya soka mashinsa yamma da tsohuwar tsamiya, ruwa ya ɓulɓulo, har raƙuman ayari dubu suka sha suka bar saura. Wata shekara rani ya tsananta, rijiyoyi suka ƙafe, mutane suka fara ɗaure kaya za su yi ƙaura. Mahaƙin nan ya tare su, ya ce su ba shi wata guda, ai ruwan kaka na nan inda waƙa ta ajiye shi. Ya ɗauki diga ya shiga haƙa. Gaba biyar, busasshiyar ƙasa. Gaba goma, tsakuwa. Abinci ya daina shiga masa, zama ya gagare shi. In ya fito daga ramin sai ya yi ta zagaya tsamiyar yana maimaita baitin, ko akwai abin da ya tsallake. Su kuwa shanu ba ruwansu da waƙa, suna ta faɗuwa ɗaya bayan ɗaya.

Da ya kai gaba goma sha biyar ya ci karo da dutse, sai ya fito ya nufi gidan maroƙin da ya fi kowa tsufa. Tsohon ya yi dariya har da tari. Ya ce a waƙar da ya ji a bakin nasa kakan, gabas da tsamiya mashin ya faɗa, raƙuman kuma arba'in ne. Sai mai gidan da ke yamma ya yi wa uban maroƙin kyautar babbar riga, rijiyar cikin waƙa ta tashi ta koma ƙofar gidan mutumin. Raƙuman kuwa, duk bikin da aka yi sai sun haihu. "Ɗana," in ji shi, "mu daɗin baki muke sayarwa. Ko kakan nawa bai taɓa shan ruwanta ba."

Mahaƙin ya fito daga gidan. Sai a ranar ya yi abin da sana'arsa ta koya masa, ya bi ƙasa da ido yana neman inda ciyawa ba ta gama mutuwa ba. Ya samu wani kwari a bayan gari, ya haƙa gaba huɗu, ruwa ya taso. Amma a lokacin rabin garin ya riga ya watse, waɗanda suka tsaya saboda maganarsa kuma sun rasa shanunsu. Baƙin cikin wannan bai bar shi ba har ya koma ga Allah. Kakan da ya kafa garin dai an yi shi, wataƙila ma ya haƙa rijiya, amma mai ƙishirwa ƙasa ya kamata ya tambaya tun farko. Shi ya sa Hausawa suka ce gani ya kori ji.