Ranar da Shanu Suka Hana Nono

Tun da aka rataya wa shanu abin wuyan da ke mayar da kukansu magana, tatsa ta koma sai da roƙo. Da safiyar nan Inna Jebbu ta fito da ƙwarya, gwiwoyinta na ciwo, jikarta na tsala kukan yunwa a ɗaki. Ta durƙusa gefen Wule, uwar garken.

"Wule, ki taimaka. Yarinyar nan ba ta sa komai a ciki ba."

Saniyar ta matsa gefe. Muryar wuyanta ta ce, "Mun yi shawara. Babu nono sai an faɗa mana inda aka kai maraƙin Saige."

Jebbu ta san cewa mijinta ya sayar wa mahauci da shi, bakinta kuwa ya ƙi faɗa. Ta bi garken ɗaya bayan ɗaya, amsar ba ta sauya ba. Ta gaji, ta zauna a ƙasa.

Can sai Saige da kanta ta tako, hantsarta cike tam, ta tsaya a gabanta.

"Ki tatsa," in ji ta. "Na san irin kukan nan. Amma kada ki ce mini komai."