Tulun da Ya Tsage Ta Ciki

Sau huɗu mai hoton yana sauya wa tulunan wuri, bai ɗauki hoto ko ɗaya ba. Maginiyar ta gaji da tsayuwa.

"Malam, hasken ne bai yi ba, ko hannunka ke rawa?"

"Na ji gobe za ki bar garin," ya ce, idonsa na kan kyamara. "Ina taya ki murna."

Ta ƙwanƙwasa tulu ɗaya da yatsa, tulun ya amsa garau. Ta ƙwanƙwasa na biyu, ya amsa a dakushe.

"Ka ji? Wannan ya tsage ta ciki. Haka murnar taka ta fito."

Ya sauke kyamarar.

"To, in na ce kar ki tafi fa?"

"Faɗi tukuna," ta ce, "in ji yadda maganar za ta amsa."