Wutar da Ba Ta Sauka

"Baba, wannan wuta ba ta sauka a hanya," in ji injiniya. "Daga madatsar ruwa sai birni."

Ni fa yake gaya wa haka! Ni da na ga bayan agana da ambaliya, ban taɓa shiga aji ba amma ba a yanke magana sai da ni. Ni na daki ƙirji maƙwabta suka ba da gonakinsu aka kafa turakun ƙarfe.

Yau wayoyin na gurnani a kanmu, jama'a sun cika ƙofar gidana. Matar marigayi ƙanena, mai gona ɗaya tak, ta miƙo sabon ƙwan lantarki.

"Yaya, a ina zan rataya?"