Dokin Kokwamba

Ranar tarbar matattu a bikin Obon, wani mutum ya soka wa kokwamba tsinke huɗu ta zama doki, bisa al'ada, don ruhun mahaifinsa ya hau ya iso gida da wuri. Saniyar da ya yi da gauta, mai tafiyar hawainiya, ita ruhun zai hau ya koma.

"Mama, dubi ƙafafun nan! Kafin turaren ya cinye, Baba ya iso."

Tsohuwar ta ɗauke dokin, ta tura saniyar gaban hoton mijinta, wanda ya ƙare kwanakinsa a asibiti yana kallon ƙofa, ɗan nasu kuwa yana Tokyo, kullum yana cewa sai mako mai zuwa zai zo.

"Saurin me kake yi, ɗan nan? Bar shi ya taho a hankali. Kai ma ka ɗanɗana jira."

Ya kasa duban hoton. Ya durƙusa, ya zuba wa ƙofa ido.