Ƙararrawar Ƙanensa

Shi ya kashe ƙanensa, ko da yake bai taɓa shi da hannu ba.

Ranar tseren keke ce, a doguwar hanyar dajin da ta kewaye madatsar ruwa. Dokar mahaya ɗaya ce: idan na bayanka ya buga ƙararrawa sau biyu, ka ba shi hanya. Inda hanyar ta tsuke a saman gaɓa, ƙanen ya buga, ya sake bugawa.

“Yaya, matsa mana! Ko tsufa ne?” Yana dariya ya faɗa.

Yayan ya ƙi. Wanda shi ya koya wa hawa ne zai wuce shi? Ƙanen ya ratsa ta gefen ruwa, gaɓar ta zabtare da shi. Sai bayan kwana uku aka tsamo gawarsa.

“Bai yi maka magana ba?” in ji mahaifiyarsu.

“Wallahi, Inna, ban ji komai ba.”

Shekara tara ke nan. Kunnuwansa sun mutu, ko muryar ’yarsa ba ya ji. Amma a kasuwa, a tsakar gida, da rana tsaka, yakan ji ƙararrawa sau biyu a bayansa. Sai ya matsa gefe, ya tsaya yana jira. Babu mai wucewa.