Gidan da Ba a Ajiye Igiya

Malama Fatsuma ta gama unguwa guda tana sallama, ɗalibarta Rahmatu na biye da akwatin kwano a ka. Fari ya ƙafar da rijiyar makarantar kwana da ke Isa, aka ce kowace ɗaliba ta nemi masauki a gari ko ta koma gida. Jarrabawar fita kuma ta ƙarato.

Rahmatu ba ta da gidan komawa. Tun da gero ya ƙone a gona, mahaifinta a Unguwar Lalle ya juye fushinsa a kanta. Hutun da ya wuce ko rigingine ba ta iya kwanciya. Ya kuma rantse in ta sake taka gidan, ita da boko har abada.

Mutanen Isa ba mugaye ba ne, amma a shekara irin wannan kowa rumbunsa yake duba kafin ya dubi baƙo. Masu kunya suka ce ba ɗaki. Marasa kunya suka ce ba a riƙe 'yar mutum ba da yawun ubanta ba.

Gidan Inna Larai mai daddawa ne na ƙarshe. Tsohuwa ce mai kaushin baki, ita kaɗai da akuyarta, ko yara ba sa wasa a ƙofarta.

"Ni da ban ƙoshi ba za a ƙaro ma baki?" in ji ta. "Ɗiyar wa ta ma?"

"Ɗiyar Jibrilla Bahago ta, na Unguwar Lalle," in ji Malama.

Tsohuwa ta kau da kai, ta daɗe tana gyaran ɗankwalin da ba abin da ya same shi. Sannan ta ce a ajiye akwatin a ɗakinta.

Da la'asar ta ɗora ruwan zafi, ta sa Rahmatu ta tuɓe riga. Ta bi shatar dukan da man kaɗe.

"Jiƙa igiyar shika yi kahin shi soma, ko?"

Rahmatu ta gyaɗa kai. Ko Malama ba ta faɗa wa wannan ba. Ta ɗauka tsofaffi ne, ba abin da ba su gani ba.

Gidan yana da nasa abin mamaki. Ba a ajiye igiya a cikinsa. Akuya da tsumma ake ɗaure ta, guga kuwa aro ake yi a maƙwabta, a mayar tun bai bushe ba. In hira ta biyo ta kan Jibrilla, Inna Larai sai ta ce "wancan" ko "mutumin". Sunansa bai taɓa fita bakinta ba, Rahmatu ta ce a ranta lallai ƙiyayyar ta kai.

Abinci ne ya fi damun yarinyar. Tuwo nata ne, ƙanzo na tsohuwa. Da gero ya ƙare, akuya ta tafi kasuwa ba ta dawo ba. Rahmatu ta riƙa jin kowace loma kamar sata, ga kunyar ta tona asirin gidansu a garin mutane. Takan tuna bayan mahaifinta in ya tuɓe riga a gona, duk tsoffin tabo ne. Yakan ce shi maraya ne, uwarsa ta mutu tun wata yunwar dā, kawunsa ya raine shi. Maraya ta gudu ta bari cikin fari, abin yana cinta sosai.

Ta taɓa ɗaure kayanta za ta koma. Inna Larai ta zauna a kan akwatin, ta ce, "In kin iya, ki ɗauka da ni."

Ana gobe jarrabawa, ranar kasuwa da hantsi, Jibrilla ya sauka a Isa. Ba a rasa mai nuna masa gidan ba. Ya tsaya a ƙofa yana ɗaga murya, igiyar guga a naɗe a hagunsa, tana ɗigar ruwa. Rahmatu ta laɓe bayan zana.

Tsohuwa ta fita ko mayafi babu. Ba ta dubi fuskarsa ba. Ta juya masa baya, ta durƙusa a bakin ƙofa.

"In bugu kaz zo yi, ga mai shi nan. Yarinya kau ba ta zuwa ko'ina sai ta ƙare karatunta."

Jibrilla ya ja da baya. Ya tsaya yana kallon bayan nan da ya ranƙwafa, har masu wucewa suka fara taruwa. Igiyar ta sulale daga hannunsa. Ya juya ya nufi tasha, yana tafe kamar yaron da aka kora daga gida.

Rahmatu ta fito ta ɗaga tsohuwa, tana kuka tana neman gafara, ita ta jawo mata wannan wulakanci.

"Inna, ki yahe mini. Kin ci ƙanzo don ni, kin sai da akuya don ni, yau ga shi kin durƙusa ma mutumin da ko sunanshi ba ki son kamawa."

Inna Larai ta ɗauki igiyar da yatsu biyu, ta wurga ta bayan danga. Ta goge hannunta a zane, ta sake gogewa.

"Ni ka neman gahwara, ɗiyata. Igiyar ga ni nis soma jiƙa ta, bisa bayanshi. Suna kau, ina kit taɓa jin uwa ta kama sunan ɗanta na hwari?"