Gangaren da Ya Ƙi Santsi

Injin da kwamfuta ke tuƙawa ba ya kuskure, wannan ba gardama. Kuskuren mai shi yake karɓa, ya aiwatar da shi daidai, ba ragi ba ƙari. Tunda ka ce aikinka ya ƙare amma ranka bai kwanta ba, Malam, zauna in ba ka misali.

Wani mai injin casar shinkafa ne, ƙarfen da ke riƙe da gindin injinsa ya tsage ana tsakiyar kaka. Buhunan manoma jibge a ƙofarsa, wasu har sun fara tambayar hanyar injin ƙauyen gaba. Da ƙyar ya samo dunƙulen ƙarfe guda mai kaurin da ake so, ya kai wa wani ma'aikaci mai injin sassaƙa ƙarfe irin wanda kwamfuta ke tuƙawa, ya ce a zaftare masa kusurwar gefe ɗaya ta zama gangare mai faɗin yatsu uku. Ma'aikacin bai tambayi amfanin gangaren ba, don a ganinsa gwani ba ya tambaya. Haƙorin yankan da yake ɗaura wa injin ɗan ƙarami ne, bakinsa bai fi faɗin farce ba, kuma shi ke nan gare shi. To, mutumin ya san aikinsa. Ya tsara wa injin ya bi gefen ya ɗan yanka, ya sauka kaɗan, ya matsa waje kaɗan, ya sake bi, kamar mai yin matakala, har gangaren ya fito. Ya auna, awo ya cika cif. Da nan ya tsaya, da ba mu da labari.

Sai ya shafa da yatsa, ya ji 'yan layuka siri-siri inda bi ɗaya ya haɗu da na ƙasansa, kamar kunyoyin gona in an hango su daga kan tudu. Abin ya tsaya masa a rai. Ya ce bari ya nutsa haƙorin ƙasa sosai, ya share fuskar duka a bi ɗaya, ta fito kamar madubi. Ya manta cewa kaifin a baki kawai yake, abin da ke sama wuya ne da mariƙi, su kuwa ba don yanka aka yi su ba. Injin kuwa ya karɓi umarni. Ya tafi inda aka aike shi. Haƙori ya karye, mariƙi ya daki ƙarfen ya yi masa rami a daidai inda zai zauna kan gindin injin casar, wurin da ba ya karɓar gyara.

Da mai injin casar ya zo, ya duƙa ya daɗe yana duban ramin. Sannan ya shafa sauran gangaren, inda layukan suke, ya ce, "Maigida, wannan kake ta fama da shi? Ai walda za a cika wurin da ita. Ko ni ba zan sake ganinsa ba."

Manoma suka kwashe buhunansu zuwa ƙauyen gaba. Shi ne Hausawa ke cewa, garin neman gira aka rasa ido.